Amsa: Tsohuwar Okapi da ta ci tsatsa, a kai ta injin wasa wuƙa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko za ka kai tsohuwar wuƙar Okapi ta mahaifinka wajen masu inji su kankare tsatsar, tunda har buɗewa ta ƙi. A'a, kada ka kai ta. Da hannu za ka yi aikin nan. Fara ɗiga kananzir a gaɓar da take naɗewa, ka bar ta ta kwana, sannan ka riƙa buɗewa da rufewa a hankali har baƙin datti ya daina fitowa. Daga nan ka bi ruwan wuƙar da samfefa mai laushi da ɗan man keken ɗinki, kana gogawa ta fuska ɗaya. Jar tsatsa kaɗai za ka cire. Baƙi-baƙin da ya zauna a ƙarfen ka ƙyale shi, kariya ce.

Dalilina shi ne zafi. Ruwan Okapi siriri ne, inji kuwa cikin ƙiftawar ido yake ƙona bakin. Na sha ganin wuƙa ta dawo bakinta ya yi shuɗi, kuma da zarar ka ga wannan launi taurin ya tafi, ko ka wasa ta ba za ta riƙe kaifi ba. Inji yana kuma share tambarin da ke jiki, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. A Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu, tambarin ne zai nuna maka wacce ke hannunka. In ƙotar ta tsage kana son sauya itacen, sa maƙeri ya cire maka ƙusoshin, amma ka tsaya a kansa kada ya sa ta a wuta.