Amsa: Ko ruwan zartsi zai iya raya gansakukar teku?

Malam, ka tambaya ko ruwan zartsin da rijiyar burtsatsenka ke fitarwa zai yi amfani wajen noman ƙananan gansakukar teku domin masana'antu. Zai yi, amma sai an kai shi ɗakin gwaji tukuna, domin ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, yayin da na ƙarƙashin ƙasa yakan zo da ƙarfe da alli fiye da kima, waɗanda ke kama sinadarin fosfet su hana gansakukar samun abinci.

A jihar Texas ta Amurka ana noman nau'in Nannochloropsis da irin wannan ruwa saboda man omega-3, wani mai da ake sha don gina jiki, cikin tafkuna marasa zurfi da inji ke juya ruwansu dare da rana. Abin da na fi jiye maka shi ne zafin rana, domin yana ƙafar da ruwa ya bar gishirin yana taruwa, har ka ga farin ɓawo a bakin tafki. Don haka ka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan tafkin kada ruwan gishirin ya tsiyaye ya lalata gonakin maƙwabta. Idan ruwanka na kanwa ne, nau'in gansakukar da ake kira spirulina za ta fi dacewa, wadda matan Kanem a Chadi suka daɗe suna tacewa su busar da ita a kan rairayi.