Anti, me ya sa sikwid ɗina ya ƙi taunuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Dan Allah maigida ne ya shigo min da wani naman teku a daskare wai shi sikwid, fari tas an yanka shi zobe-zobe, na soya shi wajen minti 10 amma wallahi sai ya dawo kamar robar taya, yara ma sun kasa taunawa. Ina na kuskure? Sannan ma ya halatta a ci shi kuwa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Ai minti goman nan shi ya ɓata miki girki, sikwid ba ya son tsaka-tsaki ko kaɗan, ko dai ki ba shi wuta mai ƙarfi minti 1 zuwa 2 ki kwashe, ko kuma ki rage wuta ki bar shi yana dahuwa a hankali minti 40 ko fiye har ya saki jiki. Namansa cike yake da jijiyoyi ƙanana, da zafi ya taɓa su sai su ɗaure, sai an daɗe ana dafawa suke narkewa. Ke kin sauke daidai lokacin da ya gama ɗaurewa kenan.

In kin duba duk ƙasashen da suke cin sa haka suka rabu. A Italiya da Girka gari kawai ake barbaɗa masa a jefa a mai mai zafi sosai a matsa lemon tsami, a Madrid ma cikin burodi ake cusa soyayyen ana sayarwa a kewayen dandalin Plaza Mayor, alhali garin ko teku babu! Koriya kuma soya shi suke sama-sama da barkonon nan nasu gochujang. Har jihar Rhode Island ta Amurka a 2014 ta sa soyayyen sikwid a doka a matsayin abin taɓawa kafin babban abinci na jiha, kin ji mutane da ƙwalama. Masu haƙuri su ne 'yan Sifen da ke dafa shi cikin baƙin tawadarsa, wadda yake fesawa in zai gudu daga abokin gaba, da 'yan Filifin masu miyar sikwid da suke kira adobong pusit, da ruwan tsami da tafarnuwa. Miyar baƙa wuluk amma ni dai a wajena ta fi soyayyen daɗi nesa ba kusa ba.

Su Japan ɗanye ma suke ci, a garin Hakodate ana yanka shi siri-siri kamar taliya. Wannan kam kar ki gwada a gida, akwai tsutsar anisakis da ke shiga namansa, sai dahuwa ko daskarewa mai tsanani ke kashe ta.

In za ki sake, bari ƙanƙarar ta narke cikin firij, ki tsane shi da tawul ya bushe sosai don ruwa shi ke kashe zafin mai, kuma ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kar ki cika kasko. In gudansa kika samu ki ja kan a hankali kayan ciki za su biyo, ki zare wani abu dogo garai-garai da ke bayansa, ki cire bakin mai tauri da ke tsakiyar hannayen. Hannayen goma ne kuma ana ci, kar ki zubar.

Batun halacci kuwa, Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi a matsayin abincin teku, Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Sai dai duk wanda jatan lande ko kaguwa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya fara tuntuɓar likita kafin ya taɓa.