Ɗana Yana Da Otizam Da Farfaɗiya: Zai Iya Shiga Sansanin Hutu Tare Da Sauran Yara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. Yarana biyu ne: babbar mace ce, shekararta 11, ƙanenta kuma 9. Shi yana da lalurar otizam, magana kaɗan yake yi, kuma da an ɗauke ido sai ya fice. Yana da farfaɗiya ma, yana shan magani safe da dare. Daga ƙarshen Yuni har farkon Satumba suna gida, ni da mahaifinsu kuwa muna zuwa aiki. Na ga tallan wani sansanin hutun bazara da suka ce suna haɗa yara masu lalura da marasa lalura wuri guda. Ina so su je tare, amma gabana na faɗuwa. Me ya kamata in bincika? Kuma in na faɗa masu duk abin da yake fama da shi, ba za su ƙi karɓarsa ba?

AMSA

Wa alaikumus salam, Maman yara. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya raya maki su.

Bari mu fara da tambayarki ta ƙarshe, don a nan ne iyaye da yawa ke yin tuntuɓe. Ki faɗa masu komai, tun a takardar neman shiga: otizam ɗin, ficewar, farfaɗiyar, sunan maganin da yawansa. Mun san abin da nauyi, musamman a wajenmu da aka saba rufa wa yaro asiri. Amma ki dubi yadda sansani ke aiki. Da takardun da iyaye suka cika ne shugabanni ke lissafin ma'aikata nawa za su ɗauka da kuma rukunin da za a sa kowane yaro, kuma tun kafin Yuni suke gama wannan lissafi. Idan takardar ɗanki ba ta nuna komai ba, za a jefa shi cikin yara goma a hannun matashi ɗan shekara 19 da bai taɓa ganin farfaɗiya ba. Rana ta biyu ko ta uku sai wayarki ta yi ƙara, a ce ki zo ki ɗauke shi. Shi ya tsorata, ke kin rasa ranar aiki, kuɗin ma ba lallai su dawo ba.

Doka tana tare da ke. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka, wadda ake kira ADA, ta shekarar 1990, ta shafi sansanonin gwamnati da na 'yan kasuwa da na ƙungiyoyi. Ba su da hurumin ƙin yaro don kawai sun ga sunan lalura a takarda. Wajibi ne su duba yaron shi kansa, su yi gyaran da hankali zai ɗauka a tsarinsu, kuma ba za su ɗora maki ƙarin kuɗi saboda wannan gyara ba. Abin da zai ba su damar ƙi shi ne idan gyaran zai sauya ainihin shirin gaba ɗaya, ko kuma akwai haɗari na zahiri ga wasu da ba za a iya rage shi ba. Abu biyu ne za ki kiyaye. Sansanin da masallaci ko coci ke gudanarwa da kansa bai shiga ƙarƙashin waɗannan sharuɗɗa na dokar ADA ba. Sannan dokar ba kullum take tilasta wa sansani ɗaukar ma'aikacin da zai tsaya kan yaro ɗaya shi kaɗai ba. Wannan magana ce da za ku zauna ku warware, a kuma rubuta ta.

Yanzu batun tallan. Kowa na iya buga "muna karɓar kowane yaro" a takarda mai launi. Wasu wuraren da gaske suke. Wasu kuma abin da suke nufi shi ne yaron zai shiga ƙofa, sai a zaunar da shi a inuwa da kwamfutar hannu yayin da sauran ke ƙwallo. Hanyar rarrabewa ita ce tambaya da adadi. Ƙungiyar sansanonin Amurka, ACA, ta tsara cewa a sansanin jeka-ka-dawo ma'aikaci ɗaya ya riƙe yara 8 idan shekarunsu 6 zuwa 8 ne, yara 10 idan 9 zuwa 14 ne. A na kwana kuwa, 6 da 8. Wannan ma'aunin yaran da ba sa buƙatar kulawa ta musamman ke nan. Yaron da ke ficewa kuma yake da farfaɗiya ba zai zauna lafiya a ɗaya-ga-goma ba. A ganinmu ɗanki na buƙatar mutum guda da aka ambaci sunansa, ko aƙalla mutum ɗaya ga yara biyu. Ki tambaye su kai tsaye: wa zai riƙe shi, shekararsa nawa, wane horo ya samu, kuma ranar da bai zo aiki ba wa zai maye gurbinsa? Tambayar ƙarshen nan ki nace a kanta. Ranar da mai kula ya kwana da zazzaɓi aka kawo baƙon da bai san yaro ba, ita ce ranar da aka fi samun matsala.

Ki kuma nemi ganin lasisinsu. A jihar New York sansanin yara sai da izinin hukumar lafiya, ana duba shi sau biyu a shekara, kuma dole ya kasance yana da rubutaccen tsarin kariya da jami'in lafiya. Shaidar ACA ta ganin dama ce, amma samunta alama ce mai kyau.

Gani ya kori ji, ki je wurin da ƙafarki, ki tafi da shi. Ki tsaya a filin wasa ki ƙirga ƙofofi. Wace ce ke fita titi? Akwai shinge? Daga inda rukuninsa zai zauna, taku nawa ne zuwa ruwa? Ki nemi su nuna maki ɗakin da yaro zai huta idan hayaniya ta yi masa yawa. Ya zama wuri mai sanyi da shiru da zai iya shiga ya fito da kansa. Idan suka nuna maki ofishin shugaba inda ake kai masu laifi, kin samu amsarki. Ki tambaya ko suna danne yaro ko kulle shi idan ya birkice, kuma ki nemi ƙa'idar a rubuce.

Ruwa ne ya fi tsaya mana a rai game da ɗanki, don lalurorinsa biyu duk a nan suke haɗuwa. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 2012 ya gano kusan rabin yara masu otizam sun taɓa ƙoƙarin ficewa bayan sun wuce shekara huɗu. Nutsewa a ruwa kuma na kan gaba cikin abin da ke halaka waɗanda suka fice. Ita kuma farfaɗiya idan ta tashi a cikin ruwa ba ta da ƙara: ba ihu, ba fantsama, yaro kawai yake sulalewa ƙasa. Mai gadin ruwa da ke zaune a kan doguwar kujera yana kallon yara talatin bai isa ba. Sharaɗinki shi ne babba guda a cikin ruwan tare da shi, kusa yadda in ya miƙa hannu zai taɓa shi, daga shiga har fita. A tafki ko jirgin kwale-kwale, rigar ceto mai hatimin hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka, ba robar hannu da ake hurawa ba. Ki saya masa kayan wanka masu launi mai ɗaukar ido, ruwan lemo ko rawaya mai haske, don shuɗi da toka suna ɓacewa a ƙarƙashin ruwa. Likitansa ne zai fara cewa ya halatta ya yi iyo. Kuma ki ce masu idan aka neme shi aka rasa, wurin ruwa za a fara dubawa kafin ko'ina.

Ficewar kanta ba ta cika faruwa a tsakiyar wasa ba. Tana faruwa ne a lokacin sauyi: saukowa daga bas, tashi daga cin abinci, layin banɗaki, da ranar fita yawon buɗe ido. A nan ne kowane ma'aikaci ke zaton ɗayan na riƙe da yaron. Maganinsa miƙawa baki da baki: "Na ba ka shi." "Na karɓa." Ki sa masa alama mai ɗauke da sunansa da lambar wayarki a igiyar takalmi, don yara da yawa masu otizam ba sa jure abin hannu.

Ga farfaɗiyar, ki karɓo rubutaccen tsarin gaggawa daga likitansa, mai sa hannu. Ya bayyana yadda tasa take zuwa, don ba kowace ce ke jijjiga jiki ba, wata ƙura ido ce kawai da tauna baki. Duk wanda zai riƙe shi ya san abin yi: a duba agogo, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa. Cokalin da aka saba cusawa a gida yana karya haƙori ne, mutum ba ya haɗiye harshensa. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo, ko ta same shi a cikin ruwa, a kira 911. In likita ya rubuta masa maganin gaggawa, irin diazepam na fesawa a hanci ko na dubura, ki tambaya wa aka horar ya ba shi, kuma ina maganin yake a ranar fita. Maganin da aka kulle a ofishin nas yayin da yara ke gidan namun daji ba shi da amfani ga kowa. Ki duba sunan maganinsa na kullum ma: topiramate da zonisamide suna rage gumi, jiki ya yi zafi da wuri, ga Yuli a New York ba wasa ba. Idan ɗayansu yake sha, a riƙa shigar da shi inuwa, ana ba shi ruwa a kan lokaci ba sai ya nema ba.

Saboda farfaɗiyar ne muke ba ki shawarar sansanin jeka-ka-dawo a bana. Rashin barci da tsallake magani suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, kuma sansanin kwana na taɓa duka biyun. A jeka-ka-dawo maganin safe da na dare suna hannunki. Ki fara da mako ɗaya ko biyu, da zaɓin ƙarawa.

Ki rubuta masu shafi guda, kada ya wuce haka, don ma'aikaci ba zai karanta fayil mai shafi ashirin a bakin fili ba. Hotonsa a sama. Abin da yake so. Yadda yake nuna yunwa, fitsari, ko ciwo. Alamar da ke zuwa kafin ya birkice, misali toshe kunne ko kai-komo. Abin da ke kwantar da shi, da abin da ke ƙara tunzura shi. Idan akwai kalmomin Hausa da ya fi amsawa, kamar "zo", "tsaya", "ruwa", ki rubuta su da yadda ake furta su. Malamarsa ta makaranta za ta iya taimaka maki daga cikin tsarin karatu na musamman da makaranta ta rubuta masa, wanda ake kira IEP. Mako biyu kafin a fara, ki riƙa nuna masa hotunan wurin a jere, bas, fili, wurin cin abinci, gida, kullum a lokaci guda. A jakarsa a sa abin toshe kunne, kayan canji, da abin da ya saba riƙewa.

Yayarsa fa, ki bar ta ta yi hutunta. Ki ce a sa ta a rukunin sa'o'inta, kuma ki faɗa wa ma'aikata a fili cewa ba ita za a riƙa kira ba idan ƙanenta ya yi kuka. Yarinya 'yar shekara 11 da aka ɗora wa gadin rai ba za ta iya ba, kuma in wani abu ya faru za ta daɗe tana ɗauke da shi a zuciya. Su gaisa a lokacin abinci, ya wadatar.

Abinci da addini ki yi maganarsu tun farko. Tsiran da ake sawa a burodi da naman da ke kan fiza sau da yawa na alade ne, haka farar alewar nan mai laushi da ake gasawa a wuta galibi da sinadarin alade ake yin ta. Tunda ba zai iya tambaya da kansa ba, ƙunsa masa abinci daga gida ya fi sauƙi. Ki nemi wurin da yarinyar za ta yi Azahar, da izinin kayan wanka masu rufe jiki. Idan yana buƙatar taimako a banɗaki ko wajen sauya kaya, ki nemi namiji, da ƙa'idar cewa babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai ba tare da wani na kusa ba. Ki sa masa 'yar buta ko gorar tsarki, ki bayyana masu amfaninta.

Kuɗi kuma, kafin ki biya ki duba abin da yake da haƙƙi a kai. Idan IEP ɗinsa na wata goma sha biyu ne, yana da karatun bazara na mako shida a Yuli da Agusta kyauta, sai sansanin ya cike makonnin da suka rage. Birnin New York na da shirin Summer Rising, kyauta, tun 2021, ana neman gurbi wajen Maris ko Afrilu. Idan yana da rajista da OPWDD, hukumar jihar mai kula da masu lalurar girma, ki tambayi jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa ko kuɗin da ake bayarwa don masu kula da shi su samu hutu zai iya biyan sansani ko mai rakiya. Sansanoni da yawa na da rangwame ga wanda ya nema da wuri. Ki adana rasit, don kuɗin jeka-ka-dawo na shiga rangwamen harajin kula da yara ga iyaye masu aiki, na kwana kuwa ba ya shiga.

Kafin ki sa hannu, ku amince a rubuce kan abin da zai faru idan kwanakin farko suka yi tsauri, don kusan tabbas za su yi. A rubuta wa zai kira ki, a wane hali, da matakan da za a gwada kafin a ce a mayar da shi gida: rage ranar zuwa rabi, sauya rukuni, ko sauya mai kula. A rubuta kuma nawa za a dawo maki da shi idan abin bai yiwu ba. Kowace yamma ki nemi layi uku daga mai riƙe da shi: me ya ci, wane wasa ya shiga, da wane yaro ya zauna. Idan mako ya ƙare amsar ta uku kullum "da ni" ce, ki nemi zama da shugaban sansanin ranar Litinin.