Dashen hanta da hanji ga yara: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce an yanke mafi yawan hanjinsa tun yana jariri, ta jijiya ake ba shi abinci, yanzu kuma hantar ta fara gazawa har likitoci na maganar dashe, kina son sanin ko yara na tashi bayan irin wannan aiki. Na daɗe ina jinyar irin waɗannan yara, bari in faɗa miki abin da na gani.

Dashen hanta daban, na hanji daban. Hanta tana da haƙuri. A manyan cibiyoyi, kusan tara cikin yara goma suna wuce shekarar farko lafiya, akasarinsu kuma su girma su shiga makaranta. Tun 1989 ake iya yankar ɗan ɓangaren hagu na hantar uwa ko uba a dasa wa yaro, ta mai bayarwar kuma ta sake tsiro.

Hanji ne mai wuyar sha'ani. Cike yake da ƙwayoyin cuta da kuma ƙwayoyin garkuwar jiki, shi ya sa jiki ke saurin ƙin sa. Sai da maganin tacrolimus, mai danne garkuwar jiki don kada ta ƙi dashen, ya fito wajajen 1990 sannan aikin ya fara yiwuwa sosai, amma har yau kusan rabin hanjin da aka dasa ne, ko sama da haka kaɗan, ke kai shekara 5 yana aiki. Gwajin jini ba ya nuna ƙin da wuri yadda yake nunawa a hanta, dole a riƙa zura na'ura ta ƙofar hanjin da aka buɗe a fatar cikin yaron ana ɗebo ɗan nama don gwaji. Iyaye na shan wahalar wannan lokacin ƙwarai. Wani abin mamaki, idan aka dasa su tare, hantar kan ba hanjin kariya, ƙin da ke zuwa daga baya ya ragu.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ɗakin tiyata ba ne. Maganin da ke danne garkuwa yana buɗe wa cututtuka ƙofa, musamman ƙwayoyin cutar bairas da ake kira CMV da EBV, shi EBV har yakan jawo wani nau'in sankara. Maganin kuma yana taɓa ƙoda a hankali. Zazzaɓi ko zawo ba abin jira zuwa safe ba ne. Sannan akwai lokacin balaga: na ga yaran da suka yi shekaru garau, suka fara ɓoye ƙwayar maganin ba sa sha don sun gaji, dashen ya lalace.

Kafin ki sa hannu, ki tambaye su ko an gwada canja masa kitsen ruwan jijiyar zuwa mai na kifi, da ƙara ciyar da shi ta baki ko ta bututu. Yara da dama hantarsu ta farfaɗo da haka, ragowar hanjin ya saba, ba a kai ga dashe ba. Ki kuma tambayi cibiyar yara nawa suka yi wa wannan aikin, nawa ne suke cin abinci da bakinsu yanzu.