Shin Shari'a ta yarda da kisan mayu irin wanda aka yi a Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta cewa a ƙarni na 16 da na 17 Turawa sun yi ta kashe mutane bisa zargin maita. Wani abokina ya ce daidai suka yi, tunda a Musulunci ma kashe mai sihiri ake yi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokinka ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba.

Sihiri gaskiya ne akwai shi, kuma yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Imamu Malik yana ganin a kashe wanda ya aikata shi da kansa. Imamu Shafi'i ya ce ba a kashe shi sai sihirin ya ƙunshi kafirci, ko ya amsa cewa ya yi kisa da shi. Amma duk suna magana ne kan laifin da ya tabbata a gaban alƙali, da shaidu adilai ko iƙirari ba tare da tilas ba, kuma hukuma ce ke zartarwa.

To dubi yadda Turawan suka tabbatar da nasu. Tsakanin kusan 1450 da 1750 an kashe mutum dubu 40 zuwa dubu 60, akasarinsu mata. A garin Bamberg na Jamus, a 1628, an kama magajin garin kansa, Johannes Junius. Aka matse masa manyan yatsu da ƙarfe har jini ya fito ta farce, aka ɗaure hannuwansa ta baya aka rataye shi. Da azaba ta yi azaba ya amsa, sannan aka riƙa ambata masa titunan garin ɗaya bayan ɗaya, ana cewa ya faɗi mayun da ke kowanne. Daga kurkuku ya aika wa 'yarsa wasiƙa a ɓoye cewa duk ƙarya ya shirya don a ƙyale shi. Bai tsira ba. Wallahi wannan zalunci ne tsantsa. Iƙirarin da aka tatsa da azaba ba a gina hukunci a kansa, domin Annabi (SAW) ya ce an ɗauke wa al'ummarsa abin da aka tilasta su a kai. Ƙonawa da wuta kuwa, irin wadda Turawan suka riƙa yi wa waɗanda suka zarga da maita, Annabi (SAW) ya hana ta ƙarara a hadisin Bukhari: babu mai azaba da wuta sai Allah.

A Salem ta Amurka, a 1692, wasu 'yan mata ne suka riƙa faɗuwa suna ihu cewa kurwar wance tana shaƙe su. Kotu ta karɓi wannan a matsayin shaida, aka rataye mutum 19. Nan nake so ka tsaya, don mu ma muna da irinsa. Zazzaɓi ya yi wa yaro zafi, ya kama sunan wata tsohuwa, sai a jawo ta a ce ta tsallake shi, in ta ƙi a rufe ta da duka. Sambatun mara lafiya, da mafarki, da abin da aka ce aljani ya faɗa a wurin ruƙiya, babu ɗaya da yake shaida a Shari'a. Zato ne, Allah kuma ya ce a Suratul Hujurat a nisanci yawan zato.

Lokacin da Labidu ɗan A'asam ya yi wa Annabi (SAW) sihiri, wahayi ne ya tona shi, duk da haka bai kashe shi ba. Ya gaya wa Nana A'isha cewa Allah ya ba shi lafiya, kuma ba ya son tayar wa mutane sharri.

Saboda haka abin da aka yi a Bamberg da Salem kisan kai ne da sunan shari'a, ba ya halatta Musulmi ya yaba shi. Duk wanda ya sa hannu aka kashe wani bisa zargin maita, jininsa na wuyansa. Mai hujja ya kai ta kotu, mara lafiya kuma a kai shi asibiti, a haɗa masa da ruƙiya ta shari'a.

Wallahu a'alam.