Muryar Gwaggo: maganar yaron da ke ƙirga da yatsu

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, rubutu ba zai ɗauki maganar nan ba.

Amarya, na ji saƙonki tun da hantsi, ina asibiti ne wajen dubiya shi ya sa ban amsa ba. Kin ce yaron yana aji uku, shekararsa takwas, a Islamiyya haddarsa ba a cewa komai, amma a boko ya ci 31 a lissafi, malaminsu ya rubuta wai har yanzu da yatsu yake ƙirga, kina tambaya wane mai lesin za ki ɗauko. To ni dai na saurara har sau biyu, ba mai lesin kike nema ba. Abin da ke cin ranki, wanda bakinki ya kasa faɗa, shi ne ko yaron nan daƙiƙi ne. To ba daƙiƙi ba ne. Na yi shekara talatin da biyu da alli a hannuna, mafi yawansu a aji biyu da aji uku, na san abin da nake faɗa miki.

Ba shi ne ranar suna na aika ya sayo awara ta 150 da gyaɗa ta 120 ba? Ɗari biyar na ba shi. Da ya dawo na ce canjina nawa, ya ce 230. Na ce ya aka yi ka sani? Ya ce Gwaggo, ɗari da hamsin da ɗari da ashirin, ɗari biyu da saba'in, saura talatin ta cika ɗari uku, sai ɗari biyu. Kin ji fa. Wannan tarawa ce da ɗebewa a lokaci guda, a ka, babu takarda. Amma na tabbata in kika rubuta masa 42 a sama, 17 a ƙasa, kika ja layi, 35 zai rubuta miki. Don me? Zai ga 2 ba za ta cire 7 ba, sai ya juya ya cire ƙarami daga babba, 7 a cire 2 saura 5, 4 a cire 1 saura 3. Kusan duk ajin da na riƙe sai na tarar da masu wannan kuskuren. Ba wauta ba ce, doka ce ya ƙirƙira wa kansa, saboda ba wanda ya nuna masa cewa 4 ɗin nan goma huɗu ce, ana iya kwance ɗaya daga ciki a mayar da ita ɗai-ɗai. An dai ce masa "a aro ɗaya", bai san daga ina ake arowa ba, bai san me aka aro ba.

Kuma wannan ba a nan kaɗai ba. A ƙasar Burazil, wani gari Resife, an bi yara masu talla a titi, masu sayar da kwakwa da irin su, an buga sakamakon a 1985. Masu binciken suka je kamar masu saye. A bakin ciniki yaran sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin. Aka ɗauki lambobin nan dai, su ɗin dai, aka ba su su yi da takarda da fensir kamar na aji, suka faɗo wajen kashi 37. Akwai yaron da aka ce masa kwakwa ɗaya 35, goma nawa? Ya ce uku 105, ƙara uku 210, ƙara uku 315, da ɗaya 350. Ba haka 'yan tallanmu suke yi ba? Yarinya mai ƙuli-ƙuli ba ta taɓa cutar kanta a canji, amma ki kai ta gaban allo ki gani.

Bari in koma baya kaɗan, na yi gaba da yawa. Abin da aka koya mana tun a kwalejin horon malamai, akwai wani Bature mutumin Suwizalan, Piyaje, ya rasu a 1980, shi ya zauna yana kallon yadda tunanin yara ke sauyawa. Ya ce daga wajen shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya yaro ya fara tunani mai tsari, amma tunanin yana bukatar abin da za a gani, a taɓa, a juya. Ku gwada da kanku a gida. Zuba kunu daidai wa daida a kofi biyu, yaro ya yarda ɗaya suke. Sai ki juye ɗaya a kwalba doguwa siririya a gabansa. Ɗan shekara huɗu ko biyar zai ce na kwalba ya fi yawa, har kuka zai yi a ba shi shi. Ɗan takwas zai ce ai ba ki ƙara komai ba, in kin mayar kofi zai koma yadda yake. Wannan "in kin mayar" ɗin, shi ne abin. Kansa ya iya komawa baya. Kuma wanda ya iya komawa baya shi ne zai gane in 8 da 5 sun ba da 13, to 13 a cire 5 dole ta ba da 8. Kodayake, kar in yi wa Piyaje ƙari, waɗanda suka zo bayansa sun nuna shekarun nan ba a kafe suke ba, wani yaron ya riga, wani ya makara, kuma ya danganta da abin da yaro ya saba da shi da yadda aka yi masa tambayar. Amma tsarin yana nan, na gan shi da idona shekara da shekaru.

To yatsun fa. Nan ne raina yake ɓaci. Ku da kuke ƙanana ba ku san zancen ƙanina ba, Baban su Auta. Shi ɗan UPE ne, wato shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa, 1976 aka sa shi, lokacin da aka kwashi yara aka cika azuzuwa, malamai ba su isa ba, wasu ma ba su gama horo ba aka ba su aji. Yaron nan yana ƙirga da yatsunsa a ƙarƙashin benci, malamin lissafi ya kama shi, ya sa ya ɗora hannu a tebur, ya dinga buga masa gefen rula a gaɓoɓin yatsu. Ba sau ɗaya ba, kullum. Ni nake gasa masa hannun da ruwan ɗumi da daddare, Inna tana faɗa. Sunansa a ajin ya koma dolo. Aji huɗu ya ce ko za a kashe shi ba zai koma ba, kuma bai koma ba. Yau ku je Dawanau ku tsaya kusa da shi. Buhu nawa a tirela, kuɗin dako, kuɗin lodi, la'ada, ribar kowane buhu, kafin yaron shagonsa ya gama danna kalkuleta ya faɗa. Mutumin da aka ce ba shi da kan lissafi ke nan. Har yau in aka miƙo masa takarda mai lambobi sai ya tura wa wani. Shekara kusan hamsin, tsoron bai bar shi ba. Ni wannan abin ban yafe... to, Allah ya yafe mana gaba ɗaya, amma ban manta ba.

Ni ma da na fara koyarwa haka na sha. Na sa yara suka tara min marfin kwalbar lemo da ƙwallon dabino da tsinken tsintsiya, muna ɗaure goma-goma da zare. Hedimasta ya shigo ya ce na mayar masa da aji bola, masu duba makarantu za su zo, a share. A gaban yara aka kwashe aka zubar. Na sake tarawa na ɓoye a kwali ƙarƙashin teburina. Ƙarshen shekara da sakamako ya fito bai ce min komai ba, ko sannu. Bari dai in bar wannan.

Me ya sa yatsu suke da amfani? Saboda kan yaro yana da wani ɗan wuri da yake riƙe abu na ɗan lokaci yana aiki da shi, kamar faifan da kike tsince shinkafa, in kin cika shi sai ya zube. Ki karanto wa ɗan shekara biyar lambobi ki ce ya maimaita, wajen huɗu zai riƙe. Ɗan bakwai ko takwas wajen biyar. Babba wajen bakwai. To ki duba 42 a cire 17 a ka: ya riƙe 42, ya riƙe 17, ya tuna ya kwance goma, ya tuna saura uku a can, ya ƙirga daga 7 zuwa 12. Faifan ya cika. Yatsu su ne suke karɓar masa wani kayan. Kuma in kin lura yatsun ma hawa-hawa ne. Da farko in an ce 3 da 5, sai ya ƙirga duka daga ɗaya. Daga baya ya fara daga uku ya hau. Daga baya ya gane gara ya fara daga babba, ya ce biyar, shida, bakwai, takwas. Ran nan sai ki ji ya ce takwas kawai, yatsun sun koma aljihu da kansu. Ba wanda ya hana shi, ya daina bukatarsu ne. In kika doke hannun tun yana hawa na biyu, kin cire masa tsani yana tsakiyar hawa.

Sai maganar hadda, da kika ce ya aka yi mai riƙe surori ya kasa riƙe jadawalin sau. Ai a Islamiyya an ba shi hanya: a biya masa, ya maimaita da ƙarfi, da sauti, gobe a yi tilawa, jibi a sake. Wannan maimaitawar dabara ce, kuma yara ba da ita ake haifarsu ba. A Amurka a 1966 wani Flavell ya nuna wa yara hotuna ya ce su riƙe, aka sa wanda ya iya karanta leɓe yana kallon bakinsu. Cikin 'yan shekara biyar su 20, biyu kacal suke motsa baki suna maimaitawa. 'Yan bakwai, 12. 'Yan goma, 17. Kin ga daidai shekarun ɗanki ne dabarar take kama ƙasa. Kuma abin da yaro ya sani sosai, shi ya fi riƙewa. An gwada yara gwanayen wasan ces, darar Turawa, da manya waɗanda ba su ƙware ba, a 1978. A riƙe lambobi manyan suka fi, amma a tuna inda 'ya'yan dara suke a kan allo yaran suka ka da su. Don haka ba a cewa wane yana da ƙwaƙwalwa, wane ba shi da ita, kamar tulu babba da ƙarami. A'a, ban ce babu bambanci tsakanin yara ba, akwai. Amma sabo da hanya suna da babban rabo. Jadawalin sau kuwa zai haddace, yana da kyau ya haddace, amma bayan ya jera ƙwallon dabino layi shida, bakwai-bakwai, ya ga 42 da idonsa. In ba haka ba waƙa ce kawai, in ya manta baiti ɗaya ba shi da hanyar dawowa.

Wani abu kuma, harshe. Mu muna cewa goma sha uku, goman tana nan a fili, ukun tana nan. Da Turanci sha uku da talatin kusan sautinsu ɗaya a kunnen yaro, sha ɗaya da sha biyu kuwa babu alamar goma a cikinsu ko kaɗan. Yaro yana fama da lissafi yana fama da Turanci a faifai ɗaya. Ki yi masa da Hausa tukuna a gida, in ya gane sai ki ɗora masa sunan Turancin.

Kar ku ce na ce babu yaron da ke da matsala ta gaske. Akwai, kaɗan ne, wanda ko ɗigo huɗu aka nuna masa sai ya ƙirga ɗaya-ɗaya, bai iya cewa 8 ta fi 5 nan take ba, kuɗi ma ruɗa shi suke. Irin wannan yana bukatar kulawa ta daban. Naki ba ya ciki, wanda ya kawo min 230 ba ya ciki. Ki dai duba yana karyawa kafin ya fita, yana barci da wuri, kuma yana hango allo daga inda yake zaune, don na sha samun wanda matsalarsa ido ce.

Mai lesin kuwa, in irin wanda zai zo da bulala ya cika masa shafi da lissafi hamsin ne, ki riƙe kuɗinki. Ki ce da babansa shi ma ya daina cewa "kai ba ka ja", yaro yana ji. Minti goma sha biyar bayan la'asar ya isa. Tsinken tsintsiya, a ɗaure goma-goma, ki ce ya ba ki 17 daga cikin 42, ki yi shiru ki ga yadda zai yi da ɗaurin. Kar ki kwance masa, bari ya kwance da kansa.

Asabar in Allah ya kai mu ki turo min shi da littafin lissafin nasa da takardar jarrabawar, ina son in ga irin kuskuren da idona. Kwalina yana nan har yanzu. An kira magariba, sai anjima.