Tambayoyinku kan fasaha: ledar gilashin mota da sabis ɗin waya

Tambaya: Malam, na kai motata an liƙa mata ledar gilashi mai sheƙi kamar madubi saboda zafin Kano. Zafin ya ragu, amma tun daga ranar in ina ciki sabis sai ya yi ta sauka, taswirar waya ma ta riƙa ɓatar da ni. Wayar ce ta lalace? Daga wani mai karatu a Gwale.

Amsa: Malam, wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a buɗe maka ita a banza. Ledar ce. Irin mai sheƙin nan akwai ƙarfe a jikinta, galibi alminiyam, an shimfiɗa shi siriri ƙwarai. Da nanomita ake auna kaurinsa, wato milimita ɗaya a raba ta gida miliyan. Saboda tsabar sirantar ne wani hasken yake ratsawa har ka ga titi. In kana son gani da idonka, samu ledar biskit mai cikin azurfa, ka kara ta a kan tocilan wayarka. Za ka ga haske na leƙowa, alhali ƙarfe ne a wurin.

Shi ƙarfe ɗabi'arsa mayar da abin da ya doke shi. Yana mayar da zafin rana, abin da ka biya kuɗi dominsa ke nan. Saboda wannan ɗabi'ar ta mayar da haske ce ma aka shafe madubin na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb, wadda aka harba a Disambar 2021, da zinare mai kaurin nanomita 100 kacal. Sai dai ƙarfen bai san bambancin zafi da saƙon da ke zuwa daga turken sabis ko tauraron ɗan'adam ba, duk korarsu yake yi. Jikin mota dama ƙarfe ne, tagogin nan su ne ƙofar sabis. Ka rufe su, mota ta zama tukunya da murfi.

Gwada ka gani: tsaya wuri ɗaya, dubi sandunan sabis, sannan ka sauke gilashi. In sun ƙaru, magana ta ƙare. Ni dai da motata ce, ɓare ta zan sa a yi, a liƙa ta siramik. Ta fi tsada, amma ba ƙarfe a cikinta, kuma tana tare zafi. Mai arahar nan ta rini duhu kawai take da shi, in rana ta gasa ta sai ta koɗe.

Tambaya: Faifan CD na karatun Alƙur'ani da mahaifina ya bari ya soma sarƙewa. Wane gefe ne bai son karce? Daga wata mai karatu a Fagge.

Amsa: Allah ya jiƙansa, Malama. Gefen sama, wanda ake rubuta sunan faifan a kai, ya fi haɗari, don shimfiɗar ƙarfen da ke mayar wa na'ura haske tana dab da shi. Karcen gefe mai ƙyalli ana iya goge shi, na saman kuwa in ya ci ƙarfen, wurin ya tafi. Ki kwafe shi a kwamfuta yau ɗin nan, tun yana karantuwa.